Mai Keken da Ba Ya Wuce Dattijo

Ina zaune a rumfar Alu mai faci, bakin kasuwar Dutsin-Ma, sai ga wani mutum yana turo keke. Dogo ne siriri, gemunsa ya soma furfura, ya kifa hular kwano a kan hularsa ta saƙi, ya cusa ƙafar wando cikin safa. A bayan keken ya ɗaure tabarma da buta, da wani kwali da aka rubuta: "Kurfi zuwa Lokoja, ziyarar tarihi."

Kafin ya iso wurinmu, sau uku ina ganin yana sauka. Duk inda dattawa ke zaune sai ya diro, ya durƙusa, ya tambayi gida da gona da ruwan bana. Ina jin tsohon hedimasta ne da ya shekara talatin yana zane yara kan wuce manya bisa keke, yau dokar ta dawo kansa.

Alu ya ce, "Malam, yaushe ka baro Kurfi?"

"Yau kwana huɗu."

"Kurfin nan da ɗan acaɓa ke zuwa kafin shayi shi huce?"

"Ɗan acaɓa ba ya gaisuwa. Kuma in ka gaida tsoho, sai ya kai ka ganin tsohuwar rijiyar garinsu."

Alu ya matsa tayoyin ya girgiza kai. "Tayarka sabuwa fil, Malam. Mai gyaran takalmi kake nema."

Ya yi godiya, ya hau, ya taka sau biyu. Can gaba, gindin dalbejiya, tsofaffi biyar na wasan dara. Tuni ya fara ɗaga ƙafa zai sauka.