Malam Istifanus Ya Ce In Kira Ɗana

Jiya bayan la'asar ina zaune a zaure sai na ji sallama. Malam Istifanus ne, maƙwabcinmu Kirista, wanda ɗana Sani ya kaɗe autansa da babur a hanyar Mashi bara. Yaron bai tashi ba. Sani ya tsallaka Nijar, har yau bai dawo ba.

Tun da abin ya faru 'yan'uwana suka ɗauke ƙafa. Waɗanda na koyar a aji ma sai su sauya hanya in sun hango ni. Uban mamacin ne kaɗai ya tako gidana.

Na ce, "Istifanus, in kotu za ka je, ka je. Ba zan roƙe ka ba."

Ya ce, "Haba Hedimasta, kotu za ta tashe shi ne? Mu a imaninmu Almasihu ya riga ya ba da jininsa fansa, aka yafe mini ban cancanta ba. Da wane baki zan nemi jinin ɗanka? Kira shi ya dawo, uwarsa tana ramewa."

Da ya tafi na buga wa Sani waya. Ya ce, "Baba, da ɗaure ni zai yi da na dawo. Amma in fito kullum in gaishe shi? Ba zan iya ba." Ya kashe wayar.

Duk karatuna ban taɓa sanin yafiya ma tana korar mutum daga gida ba. Jama'a, me zan faɗa wa Istifanus gobe?