Jharna Naskar da Kwallin Bayan Kunne

Jirgin ƙasan ƙarfe biyar da rabi ne ke kawo ta daga Sonarpur. Kafin maigadi ya gama murza ido, Jharna Naskar ta buɗe ɗakin karnuka, ta wanke kwanuka, ta ɗora shinkafa da kawunan kifi. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana haka a kwalejinmu da ke gefen Kolkata, kuma ranar Juma'ar nan za ta ajiye aiki. A takarda mai shara ce. Wanda ya rubuta takardar, Allah ya yafe masa, bai taɓa leƙa ɗakin ba.

Karnukan guda shida ne, dukansu ita ta tsinto su a titi, wani da ƙazwa, wani da karyayyar ƙafa. Ita ta koya musu abin da masu digiri suka kasa: kare ya ɗora haɓarsa a kan ɗan katako, ya tsaya cik yana kallon allo, na'ura tana bin baƙin idonsa. Ba duka, ba tsawa. Sai gutsuren biskit da haƙuri, wata huɗu a kan kare ɗaya. Ke ce mai sa ɗan titi ya zauna kamar ɗan gata, Didi, wato Yaya, yadda muke kiranki.

A shekarun baya wata ɗaliba, Ishani Bagchi, ita ke binciken yadda idon kare ke motsi idan aka gwada shi da na mutum. A nuna wa kare hoto, a nuna wa mutum hoton nan, a ga inda kowane ido ya faɗa. Na karnuka ya fito tsaf. Na mutane kuwa, layin da na'urar ke zanawa sai tsalle yake kamar ɗan akuya. Shugaban sashe, Farfesa Lahiri, ya duba takardun ta saman tabarau ya ce, "Wato karen Jharna ya fi mutum nutsuwa? Riƙe musu kai take yi, na sani. Ku gyara kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a rufe ɗakin, karnuka su koma inda suka fito."

Inda suka fito ɗin nan titi ne mai manyan motoci. Tepi, babbar cikin karnukan, haƙoranta sun zube, ta manta yadda ake ƙwatar abinci a juji. Jharna ta san ba za ta yi mako guda a waje ba. Ishani ta ce ta sami Jharna a bayan ɗaki tana wanke kwanon da ta riga ta wanke, hawaye na zuba a ciki.

Ana cikin haka ciwon ido ya kama Jharna, likita ya hana ta sa kwalli. Da ma ita ake gwada na'urar da ita kowace safiya kafin mutane su iso, layinta ma kullum tsalle yake. Ranar da ta warware ta dawo ba kwalli a idonta, ta ɗora haɓa, layi ya tafi santal.

"Didi, me kika ci yau?" in ji Ishani.

"Abin da na ci jiya. 'Yar nan, wannan abar taki me take nema a fuska?"

"Wurin da ya fi baƙi. Baƙin ido."

Jharna ta ce, "To ke da bokonki, dubi madubi mana. Mene ne ya fi baƙi a fuskarki?"

Ishani ta duba. Kwalli ne rangaɗau, sama da ƙasa. Yawancin waɗanda ake aunawa matan unguwar Jharna ne, ita ke kawo su. An ce musu za a ɗauki hoton idonsu, to wace mace ce za ta zo ɗaukar hoto da ido fari fat? Kowacce sai ta rambaɗa kwalli har kusa da kunne, na'ura ta rikice, ta saki ido ta kama kwalli. Mu duka mun wuce ta gabansu sau ɗari ba mu gani ba. Wa ke ganin kwalli a garin nan?

Gano ciwon bai kai maganinsa wuya ba. Da aka ce matan su wanke ido, sai suka ƙi. Wata tsohuwa mai sayar da furanni, Malati, ta naɗe bakin zanenta na sari ta miƙe. "Ƙarfen da ba ya ƙiftawa zai zura mini ido, kuma in cire abin da ke tare mini mugun ido? Jharna, ashe ba kya ƙaunata." Ishani ta fara bayanin haske da kyamara, Jharna ta ce, "Yi shiru, kina ƙara ɓata mini." Ta ɗauko ruwan ɗumi da auduga, ta goge wa Malati ido da hannunta, sannan ta laƙato kwalli da ɗan yatsa ta ɗiga mata a bayan kunne, yadda ake yi wa jarirai.

"Ga shi nan yana gadinki. Mugun ido ya san yana nan, ƙarfen bai sani ba."

Malati ta taɓa wurin ta ce, "Ƙara kaɗan, marowaciya." Ta zauna.

Mata talatin da ɗaya aka sake aunawa cikin kwana goma sha biyu, kowacce da ɗigonta a bayan kunne. Layin mutane ya daidaita, bambancin ya fito fili: idon mutum yana saurin tashi daga wuri zuwa wuri, na kare kuwa a hankali yake tafiya, in ya sauka sai ya daɗe. Farfesa ya karanta ya ce, "Na yi zargin haka tun farko." Ni ina wurin, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Haƙuri bai ba ta ba. Jharna ba ta nema ba, tambaya ɗaya ta yi: "Yallaɓai, in sayo shinkafar wata mai zuwa?" Ya ce ta sayo.

Didi, ke ce kika ga abin da ke gaban kowa. Sunanki yana can ƙasan takardar binciken cikin ƙananan haruffa, ba a ma rubuta shi daidai ba. Mu da muka gani mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar gwiwa. Ku kuma masu ofis, in abu ya cije muku, ku sauko ku tambayi wadda ta riga ku zuwa da safe. Masu tasowa, ku koyi kallo irin nata.

Tepi ta mutu bara. Ba a ƙarƙashin tayar mota ba: a kan buhu, cikinta cike da shinkafa, haɓarta a kan ƙafar Jharna.