Ɗakin da Na Gina wa Inna a Jega

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa duban tsabar idona ta yi mini magana ba. Haka al'adarmu take. In tana son in ɗebo ruwa sai ta ce wa ƙanwata, "Ki ce ma wancan randa ta ƙahe," alhali ga ni tsaye kusa da ita. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Sai da na girma kunyar nan ta kusa raba ni da uwata.

Garinmu ƙauye ne a bayan Aliero, gero da damina, albasa da rani, shi ke nan. Ni kuwa tun ina saurayi na tsani ban ruwan lambu. A shekarun farko na zuwan Nasara, da cinikin fata da ƙirgi ya buɗe a kasuwar Jega, na tattara na koma can na zama dillali. Jega ta karɓe ni hannu bibbiyu. Ina son hayaniyarta, ina son jin bakin Zabarmawa da Nufawa da Yarbawa a rumfa ɗaya, ina son tsiren la'asar. Na yi aure, na yi gida. A ganina na lokacin, duk wanda ka gani zaune a ƙauye rashin hanya ne ya zaunar da shi.

Da mahaifinmu ya rasu, Inna ta fita takaba, sai na gina mata ɗaki a gidana, aka yi masa daɓe, aka shafe shi da makuba. Na tafi ɗauko ta. Na sa ƙanwata ta tambaye ta ko tana so, ƙanwata ta dawo ta ce Inna ta ce to. Na san sarai ba ta da bakin ce wa ɗan fari a'a, amma na karɓi "to" ɗin nan na sa aljihu, na yi gaba.

Muna isa na kafa doka: Inna ba daka, ba niƙa, ba ɗiban ruwa. A ƙauye ita ce gwanar gabu, wato ganyen albasa da ake dakawa a dunƙule a shanya don miya. In kuma albasa ta fara ruɓa a cikin rudu, rumbun ciyawar da ake ajiye ta, hancin Inna ne ke fara ganewa, har maza kan aiko a kira ta. Na ce duk wannan ya ƙare, uwar dillali ba za ta riƙa warin albasa ba. Ga shinkafa, ga nama ranar kasuwa, ga farin goro, ga fitilar kananzir wadda ba kowane gida ke da ita ba.

Kafin wata huɗu Inna ta zube. Zanenta ya yi mata yawa. Matata, haifaffiyar Jega, mace mai haƙuri, ta ce akushi yana dawowa yadda aka kai shi. Kullum da safe nakan durƙusa a ƙofar ɗakin in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, "Lahiya lau." Na karɓo rubutu, na sayo saiwoyi, har na fara zargin maƙwabta da sammu, Allah ya yafe mini. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ina ganin uwata tana tafiya a gabana. Ba abin da ban yi ba sai tambayarta, don tsakaninmu ba a yin haka.

Akwai wata tsohuwar Bafillatana mai tallan nono da ke shiga gidan. Rugarsu kan sauka da rani a kan hanyar Maiyama. Wata rana da hantsi ta fito ta same ni a zaure, ta sauke ƙwaryarta ba tare da na ce ina saye ba.

"Kaɗo, tsohuwar ga taka ta?"

Na ce, "Tawa ta."

"To, kana kashe ta da shinkahwa."

Na ce ta kama bakinta. Ko gezau ba ta yi ba.

"Kullum na shigo, tambaya guda taka yi min, wai an hwara dashen albasa gabas, can garinsu? Ni mi na sani ga albasa? Mu in saniya ta ƙi kiwo wuri, ba dusa muka ƙara mata ba, tashi mukai. Ni in na yi wata ukku wuri guda, ƙahwahuna ka ƙaiƙayi. Matarka in ka kai ta ƙauye, kwana bakwai ta gudo. Kai kuma ga ka nan, ka yi ƙiba. Kowa da inda ranshi ka kwanciya."

Kwana uku ina fushi da matar nan, don gaskiya ɗaci gare ta. Abin da ke cina shi ne bakin 'yan rumfa, a ce dillali guda ya kasa riƙe uwarsa. Har da wani abin da ya fi wannan ciwo: na so a ce inda nake nan ne daɗinta yake.

Rana ta huɗu bayan la'asar na yi irin dabarar Inna. Na tsaya a tsakar gida daidai ɗakinta, na ɗaga murya ina yi wa matata magana.

"Jibi za ni Aliero dubin hwatu. In da mai saƙo, ko mai son tahiya, shi hwaɗi."

Har na juya zan fita, sai muryar Inna ta fito daga ɗaki, ƙasa-ƙasa.

"Ki ce mai kayana ɗaure suke."

Daga baya matata ta gaya mini, tun ranar da aka kawo ta ba ta taɓa kwance ƙullin kayan ba. Ta rasa yadda za ta faɗa mini ne.

Mun shiga ƙauye da azahar. Ko ruwa Inna ba ta sha ba mata suka yanyame ta, wannan na mitar gabunta ya yi fumfuna, waccan na faɗan don me ta daɗe. Wani dattijo ya leƙo ya ce a zo a shinshina masa rudu. Aka ja ta, tana tafe tana zaginsu da ragwanci. Daga bayan danga na jiyo dariyarta, har da tari. Wata huɗu tana gidana ban ji ta ba ko sau ɗaya. Na yi murna, na kuma ji kishi, ba zan ɓoye ba.

Washegari na je sallama. Tana zaune gaban turmi, ta ba ni baya, ƙanwata na gefe.

"Ki ce mai ban raina ba. Allah shi yi mai albarka. Amma in za shi sake ɗaukata, shi bari sai ga makara."

Na ce, "To, Inna."

Ta ƙara shekara tara tana dakan gabu. Ranar da aka aiko mini ta rasu, na iso kafin a gama suturta ta, na kuwa ɗauke ta, ni ne a gaba, daga ƙofar gida zuwa maƙabarta a bayan gari.