Ƙahon Baba a Kan Amyata

Mahaifina bai bar mini saniya ba, bai bar mini doki ba. Abin da ya bar mini amyoyi ne a kan itatuwa, cikin dajin da ke yamma da ƙauyenmu, a ƙasar Birnin Gwari. Ga wanda bai san amya ba, ɗakin ƙudan zuma ce. A saƙa ta da ciyawa kamar doguwar ganga, a yaɓe ta da kashin shanu, a turara ta, a ɗora tsakanin rassan ɗorawa ko kaɗanya, sai a koma gida a jira. In zuma ya shiga, shekara ta yi kyau. Da shi muke biyan harajin Turawa, da shi muke sayen gishiri da zane, kakin kuma mu kai kanti a gari.

Kowace amya ta gidanmu tana da ƙaho. Ƙahon akuya ne, a cusa magani a ciki, a toshe bakin da jan ƙyalle, a ɗaure shi a ƙarƙashin amyar inda mai wucewa zai gani. Kowa a ƙasar nan ya san wanda ya taɓa amya mai ƙaho hannunsa zai kumbura. Ni dai ban taɓa ganin hannun da ya kumbura ba, amma kuma ban taɓa ganin wanda ya gwada ba. Mu Gbagyi muna tsoronsa, Hausawan gari masu salla suna kauce masa, Fulani ma sukan karkata shanunsu in sun hango jan ƙyallen.

Mai haɗa ƙahonin wan mahaifina ne, wanda duk gidan muke kira Baba. Gajere ne, mai faɗa, lofe ba ya rabuwa da bakinsa. Ya taɓa faɗowa daga ɗorawa tun ina goye, gwiwarsa ta hagu ta sandare, daga nan bai ƙara hawa itace ba. Da mahaifina ya rasu shi ya riƙe ni, shi ya yi mini aure. Zaginsa ma daɗi gare shi, don in ya gama sai ya tura maka ƙwaryar tuwonsa.

Gyambo ne ya kai ni wurin Almasihu. Ya ci mini ƙafa har wari, aka ɗauke ni zuwa wani asibitin mishan can wajen Zariya. Na daɗe a can. Ƙafa ta warke, na koyi karatu, na ji labarin Yesu, ya shige ni yadda ban iya fitar da shi ba. Aka yi mini baftisma na dawo gida. Matata ta bi ni ba gardama, sai wasu 'yan tsiraru daga baya. Ran Lahadi mukan taru a rumfar ƙofar gidana mu yi waƙa, ni in karanta musu Littafi Mai Tsarki da ƙyar, ina bin layi da yatsa. Mai bishara yana da nisa, sai a yi watanni bai leƙo mu ba.

Ba wanda ya ce mini in cire ƙahonin. Ni ne na kasa. In na durƙusa na ce Ubangiji ne mai tsarona, sai jan ƙyallen nan ya faɗo mini a rai. Wata safiya na ɗauki igiya na bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, na kwance su, na kawo wa Baba a cikin taiki.

Ya dube su, ya dube ni. Ya ce, "Turawan nan ƙafa suka gyara maka, ko kai suka taɓa?"

Na ce, "Baba, Allah zai tsare."

Ya ce, "Allah yana sama yana aikinsa. Ɓarawo kuwa a ƙasa yake, ido gare shi, ƙaho yake dubawa."

A shekarun nan ne Turawa suke haƙar zinariya a rafukan ƙasarmu. Barikin masu haƙar ya cika da lebarori daga ko'ina, mutanen da ba su san uban kowa ba, ga yunwa. Ban ce su ne ba, don ban kama kowa ba. Abin da na sani shi ne labari ya zagaya kasuwa cewa amyoyin Kiristan nan ba su da ƙaho, kuma ba a daɗe ba aka fara.

Ɓarawon zuma ba ya ɗiba ya bar saura. Wuta yake cinna wa amyar, ya turo ta ƙasa, ya kwashe saƙar ya gudu. Ran da na tarar da ta farko a gindin kaɗanya, baƙa ƙirin, ƙudan a ƙone sun rufe ƙasa, zama na yi na yi kuka. Mahaifina ne ya saƙa ta da hannunsa. Bayan ita aka ƙona wata, aka ƙara wata, duk a daidai lokacin da ɗorawa ta yi fure, saƙa ta fara nauyi.

Matata ba ta ce in mayar da ƙaho ba, amma na ga ta rage gishiri a miya. 'Yan'uwa kuwa ba su ɓoye ba. Suka ce itatuwan na gida ne, ba nawa ni kaɗai ba. In ba zan iya riƙe su ba a ba ƙanena. Ni kuma na san in amyoyin suka fita hannuna, sai dai in ɗauki kwano in tafi bariki wankin yashin zinariya, in bar mata da 'ya'ya. Abin ya dame ni ƙwarai. Addu'ata a kwanakin nan gajeriya ce, ba ta wuce in ce, Ubangiji, ka ga amyoyin nan.

Sai satar ta tsaya cak. Mako ya wuce, wani ya wuce, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ni da nake kewaya daji kullum sai na rage zuwa, don ana sharar gona, in na je ma daga nesa nake hangen amyar, in ga tana nan, in wuce. Ran Lahadi na miƙe a rumfa na ba da shaida da babbar murya, yadda har maƙwabta za su ji ta kan danga. A kwanakin ne kuma Baba ya kwanta. Gwiwar ta kumbura, ya ce sanyi ne. Na je gaishe shi, har ina ce masa, "Baba, ka ga ikon Allah?" Ya ja lofensa ya ce ya gani.

Akwai wani Bafulatani da yakan sauka da shanunsa a gonata bayan girbi, a wurinsa nake samun kashin shanun yaɓe. Mukan yi wasa da juna sosai. Muka haɗu a bakin rafi, sai ya ce, "Kai, Bagwari, ashe ka dawo hanya? Na ga jan ƙyallenku ya koma sama."

Na ce, "Wane ƙyalle?"

Ya ce, "Na ɗorawar bakin turba mana. Ko ba kai ka ɗaura ba?"

Ban tsaya sallama ba. Na isa gindin ɗorawar, na zagaya ta wajen turbar da lebarori ke bi, na ɗaga kai. Ga shi nan yana lilo. An ɗaure shi ta gefen da mai zuwa daga bariki zai gani, mai zuwa daga ƙauye ba zai gani ba. Na jefa igiya na hau. Ƙullin na Baba ne, ko a duhu na san shi, shi ya koya mini. A jikin reshen kuma ga sawun gogar igiya, ga inda ɓawo ya saɓule, wurin da mutum ya yi ta ja da ciki saboda ƙafa ɗaya ba ta lanƙwasuwa.

Na daɗe a kan reshen nan. Da farko dariya ta kama ni, da na tuna yadda na buɗe murya a rumfa. Daga baya dariyar ta tsaya. Tsohon nan, da furfurarsa da sandararriyar gwiwa, ya hau itatuwan nan duka saboda ni. Zuciyata ta ce, ai ba kai ka ɗaura ba. Sauka ka tafi gida, ba ka ga komai ba, zuma ya kusa nuna, a kwashe tukuna. Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma na san ran Lahadi zan sake durƙusawa, kuma Wanda nake durƙusa wa ya ga na gani. Na sa haƙori na kwance ƙullin.

Wuni na yi ina hawa da sauka. Da la'asar na shiga wurin Baba da taiki, na durƙusa, na ajiye a gabansa. Wannan karon ban iya ɗaga ido ba.

Na ce, "Baba, na ga abin da ka yi. Ubana ma iyakar abin da zai yi ke nan. Amma ba zan iya ci daga ƙarƙashin ƙahon nan ba."

Ya ce, "Ka san yadda na hau?"

Na ce, "Na ga reshen."

Ya ce, "To me kake so in yi maka kuma? In zuba ido a ƙone aikin ƙanena, kai kuma ka tafi wankin yashi?"

Ya juya fuska bango. Na fito ina ganin na rasa amyoyin, na rasa Baba.

Washegari matarsa ta shigo gidana hankali tashe, ta ce tsohon ba ya ɗakinsa, ba tabarmarsa, ba bakansa. Muka bi sawun sanda har daji. A gindin ɗorawar bakin turba muka same shi, ya miƙe ƙafar mai ciwo, kwari da baka a gefe, yana ɗaura ciyawa a jikin wasu sanduna wai bukka yake yi. Daga inda yake zaune ana hangen yawancin itatuwan.

Bai bari na gaishe shi ba. Ya ce, "Littafin nan naka, ya hana tsoho zama a inuwa?"

Na ce, "Bai hana ba, Baba."

Ya ce, "To, gyara mini rufin nan, ka je ka kawo tuwo. A sa gishiri."

A nan ya ƙare bazarar. Duk wanda ya biyo turbar sai ya sha tambaya: ɗan wane ne, ina za shi, me ke cikin jakarsa. Lebarori suka sauya hanya, suka ce gara ƙahon, shi ba ya magana. Ni da ƙanena muka riƙa kwana wurinsa bi da bi, matata tana kai abinci. Ba duka amyoyin muka tsira da su ba, an ƙone mana wasu na can ƙarshen daji inda idonsa ba ya kaiwa. Amma abin da ya rage ya isa, maganar ba ƙanena itatuwa kuma ta mutu. Baba bai taɓa shiga rumfar Lahadi ba har ya koma ga Mahaliccinsa, ni ma ban ƙara ɗaura ƙaho ba. Kowace bazara dai, da ɗorawa ta yi fure, sai ya naɗe tabarmarsa ya nufi daji yana mita.

Ran da muka kwashi zuman shekarar farkon nan, na zaɓi saƙar da ta fi haske na kai masa a ganye. Yana tsotsa, zuma na bin gemunsa, na ce, "Baba, ka san na roƙi Ubangiji ya tsare amyoyin nan? Ga shi ya aiko ka."

Ya tofar da kaki. Ya ce, "Ba wanda ya aiko ni. Da ƙafata na zo, ita ma guda ɗaya."

Sai ya miƙo ganyen in ƙara masa.