Tayar Gaba ta Dama

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koya wa mutane tuƙi, har sunansa na yanka ya ɓata, kowa sai Malam Birki. Dalilin sunan ba ɓoyayye ba ne. Kafin ɗalibi ya gama sa giya ya daka masa tsawa, "Birki!" Mutumin kirki ne, ba a musu, sai dai kirkin nasa mai ɗaci ne. Manyan likitoci sun sauka daga motarsa suna share gumi, akwai kuma matan da suka sauka suna share hawaye, amma duk wanda ya fito daga hannunsa ya iya mota. Karatunsa na ranar farko ba ya canzawa: "In ka ji ka taka abu, ko leda ce, ka tsaya ka duba. Mota ba ta da ido, naka take ara."

Da ya ajiye aiki sai ya riƙe ƙaramar farar motar da ya yi koyarwa da ita. Kullum da safe zai wanke ta, ya zaga ya danna kowace taya da babban yatsa. Matarsa, kafin Allah ya yi mata rasuwa, takan ce da ita ake yi wa irin wannan hidimar da ba ta tsufa ba.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, tun bara gefen damansa ya fara dushewa. Gabansa yana gani tas, amma abin da ke dama sai ya waiga. Ya sha buge kafaɗa a bakin ƙofar ɗaki, ya ɗora wa kafinta laifi. Ya sha tsiyaya shayi a gefen kofi, ya ce teburin ne ya karkace. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wata huɗu da suka wuce, da tsakar rana, ya bi ta wani matsattsen layi a bayan makarantar firamare, ana tashin yara. Bai wuce giya biyu ba. Sai ya ji dum a gaba ta dama, motar ta ɗan ɗaga ta sauka. Ƙafarsa ta tafi kan birki da kanta, ta taɓa shi, sannan ta koma kan totur. Shi ɗin nan, Malam Birki. Ya leƙa madubi, hasken rana ya cika shi, bai ga komai ba. Bai ji ihu ba, amma gilasansa a rufe suke. Da ya isa gida ya durƙusa ya duba tayar, bai sami komai ba sai ƙujewa a gefenta. Ba abin da ya taka ya fi tsoro ba a lokacin. Tsoronsa a taru a kansa, wani ya dube shi ya ce tsohon nan ba ya gani.

Daga ranar sautin ya tare a tayar. Da ya hau titi sai ya fara, dum, dum, duk juyi ɗaya. Ya kunna rediyo, yana nan. Ya daina bin layin, ya daina bin duk hanyar da ke da makaranta. Wani lokaci yana zaune a falo, mota na ajiye a waje, ya ji shi a tafin ƙafarsa. Ya rame, abinci sai dai ya jagwalgwala ya ture.

Sau uku yana kai motar wurin mai taya, wanda shi ma tsohon ɗalibinsa ne. Sau uku ana kwance tayar, a tsoma ta a ruwa, a juya ta a inji, a ce lafiyarta lau. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce, takan zo masa duk Asabar. Da ta gaji da ƙorafin sai ta ce, "Baba, tashi mu je a canza su duka huɗun, mu huta."

Shagon yana bakin babban titi, tayoyi jere har rufi, warin roba da baƙin mai ya cika wurin. Nan Malam ya koma malamin nan nasa na da. Na hannu aka fara nuna masa, ya ture da ƙafa, ya ce ba ya sayen tarihin da bai sani ba. Aka kawo masu faɗi, ya ce wannan ƙaramar mota ce, ba a sa wa yaro takalmin babansa, a duba lambar da ke jikin ƙofar direba a kawo daidai ita. Ya yi wa Auta bayanin lambobi huɗun nan da ke gefen kowace taya, biyu na mako biyu na shekarar da aka yi ta, don taya tana tsufa ko a kanta take zaune. Yana bayanin yana shafa lambobin da yatsa, bai karanta ko ɗaya ba.

Mai taya ya sa jak ya kwance tsofaffin, ya jingina su a bango, na hagu gefe guda, na dama gefe guda. Ya daɗe yana kallonsu yana sosa ƙeya.

"Malam, kai ka koya mini kada in ɓoye wa mai mota gaskiya."

"To faɗi mana."

"Zanensu duka da saura, ko rabi ba su ci ba. Dubi na hagun nan, kamar jiya aka ɗaura. Amma na daman, gefensu duk ya ƙuje, har rubutun ya goge. Wilin gaba ma ya lotsa wuri uku. Wannan gogar bakin kwata ce, kuma ba ta rana ɗaya ba ce. Ko na sa sababbi, nan da wata biyu haka za su koma."

"Ɗan nema! Ni za ka koya wa tsayawa a gefen titi?"

Mai taya ya sunkuyar da kai. Auta ta zaga a hankali ta tsaya a daman mahaifinta, kusa har tana iya taɓa shi, ta ɗaga hannu tana kaɗawa a gefen fuskarsa. Shi kuwa yana ta faɗa, yana nuna tayoyin.

"Baba," ta ce. "Ina nake?"

Ya zabura, ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya same ta. Ya ga hannun a sama, ya ga hawaye a idonta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya laluba bayansa ya zauna a kan wata tsohuwar taya, kunya da tsoro suka rufe shi, ya ba su labarin layin bayan makaranta tun daga farko, bai rage komai ba, har da yadda ƙafarsa ta bar birki.

"Wataƙila dutse ne, Malam," in ji mai taya.

"Na san dutse. Shekara talatin ina jin ana taka dutse."

Can Malam ya ɗago ya nuna wasu tayoyi a jeri na biyu. "Sa waɗancan, sun fi kama ƙasa in ana ruwa. Yarinyar nan ba ta taka birki da wuri, tun tana koyo haka take." Ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa wa Auta. "In an gama, ki kai ni wurin."

Ita ta ja motar. Layin yana nan yadda yake, matsattse, da motoci a ajiye gefe da gefe. Daidai inda ya nuna akwai shagon tela, ƙofarsa na kallon titi. Malam ya yi sallama, ya tambayi telan ko ya tuna wani abu da ya faru a nan wata huɗu baya, mota ta taka wani abu ta wuce.

Tela ya tsayar da keke. "Wanne daga ciki, Baba? A wancan watan sau biyu aka yi. Akwai karen masu wankin mota. Akwai kuma wata 'yar aji biyu da ta sunkuya ɗaukar littafinta tsakanin motoci, aka bi ta kan ƙafarta."

"Wace irin mota?"

"Ba wanda ya gani. Kan mu fito ta sha kwana."

"Wace rana ce ta yarinyar?"

"Wallahi ba zan iya tunawa ba. Duk da rana ne dai."

Auta ta kama hannun mahaifinta, ta ji shi sanyi ƙalau. "Ta warke?" ta tambaya.

"Da sanda na gan ta ƙarshe. Sun tashi daga unguwar."

"Baba, mu je gida," ta ce a hankali. "Ba ka da tabbas. Mai yiwuwa karen ne."

Malam Birki ya zare hannunsa daga nata. Ya matsa kusa da telan, ya karkata kai don ya gan shi sosai.

"Ɗana, ina suka koma?"