Hantar Rago Zuwa Kano

FAMMAR

Ana idar da sallar asuba na kayar da ragon. Ni mahauci ne, hanta ba baƙuwata ba ce. Na ciro ta da ɗuminta, na sa a kular matata.

Yayana Sale yana kwance a asibiti a Kano, hantarsa ta lalace. Matarsa Yahanasu ta bugo waya ta ce likita ta ce sai an yi masa dashe, kuma daga hantar ɗan'uwa ake yanko wa. Ni kaɗai ne ɗan'uwan. Ta ƙara da cewa a ƙasar waje ajiye hanta ake yi a cikin sanyi, ana hura mata iska don kada ta mutu kafin a dasa. Wani sa ya taɓa farka mini ciki da ƙaho, an ɗinke. Ba na son a sake buɗe ni. Na ce bari a fara gwada ta rago.

KIBIYA

Acaɓa ya sauke ni a rumfar Idi mai faci, abokina. Na yi masa bayani. Bai yi dariya ba. Ya ce iska ai sana'arsa ce, ya ɗauko famfon keke, ya rufe rumfa. Muka soka bakin robar a babbar jijiyar hantar, muka ɗaure da zare. Ya buga sau kaɗan, hantar ta ɗaga tana huci.

"Ka gani, Ɗanlami, tana numfashi," in ji shi.

RANO

Babu wuta a garin, babu ƙanƙara. Mun zaga kasuwa sai wata Hajiya mai janareto ta sayar mana da daskararren zoɓo na leda. Muka jera wa hantar shi sama da ƙasa.

A tasha direban bas ya ce kula ta hau but. Na ce mara lafiya ce, gaba za ta zauna. Ya leƙa, ya rufe, ya ce in dai za a biya mata kujera. Aka biya. Idi na buga famfo, gwiwar hannunsa na zungurin wani malami, malamin na ta neman tsari.

HANYA

Rana ta ɗaga, zoɓo ya narke, jan ruwa ya bi ƙasan mota. A shinge masu binciken giya suka tsayar da mu. Babbansu ya shinshina kular, ya tambaya ko mene ne. Na ce hanta ce za mu kai wa mara lafiya. Ya ce Allah ya ba da lada, a gasa ta sosai. Idi ya ce ba ci za a yi ba, sawa za a yi. Mutumin ya daɗe yana kallon famfon. Ya ce mu wuce.

KANO

Bayan azahar muka isa. Yaya ya rame, idonsa ya yi rawaya. Na ajiye kular a gindin gado na buɗe. Hantar ta kumbura, ta yi ja, tana ƙanshin citta da kanumfari.

Likitar mace ce. Ta duba, ta fita waje, ta dawo tana goge ido. Ta ce sanyin gaskiya ne, iskar ma gaskiya ce, amma wani ruwan magani ake tsoma hantar a ciki, iskar kuma irin ta tukunyar da ake sa wa mai numfashi sama-sama ce, a hankali ake tura ta cikin jijiya. Kuma hantar mutum ce kaɗai ke zama a cikin mutum. Idi ya ce a ba shi tukunyar ya gwada. Aka hana shi.

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Yahanasu ta ce rabonsa da dariya tun kafin azumi. Da ya lafa ya kalle ni.

"Ɗanlami, koma gida. Ban ce dole ba."

Na tambayi likita ko duka za a cire. Ta ce yanki ne, kuma tana sake tofowa, aikin ma a ƙasar waje za a yi. Na ce ban taɓa ganin hanta ta tofo ba. Ta ce waɗanda nake yankawa ba na ba su lokaci.

Na naɗe hannun riga. Aka ɗebi jini.

Mun kwana a barandar asibiti. Da hantsi aka ce jinina ya dace da nasa, saura sauran awo.

GIDA

Da magariba na shiga Fammar. Matata ta karɓi kula, ta tambaya ko an karɓi ta ragon. Na ce a'a, tawa suke so. Ta zauna a kan turmi, ta ce to me na ce musu.

Na ce na ce su wasa wuƙa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Idi, wanda har yau kafaɗarsa ke ciwo. Wanda ya karanta wannan ya sa mu a addu'a, ni da Yaya.