Gida na Uku Bayan Famfo, a Kigali

Shekarun baya, lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ɗakin gwajin cututtukan dabbobi, ina haya a Samaru, aka sa sunana cikin waɗanda za su je kwas na mako biyu a Kigali, babban birnin Ruwanda. Ni da ban taɓa wuce Legas ba, sai ga ni ina yawo da fasfo a aljihun gaba don a gani. Abin da na sani game da ƙasar bai wuce kashe-kashen da muka ji a rediyo muna 'yan sakandare ba. Mahaifiyata ma da ta ji sunan garin sai da ta ajiye ludayin hannunta ta ce, "Duk faɗin duniyar nan a rasa inda za a tura ka sai can?"

Abokina da muke ofis ɗaya, wani Kirista ɗan Sabon Gari, shi ya ce mini, "Kai, ai matar yayana 'yar can ce. Zo mu je ta ba ka satar amsa."

Muka je ranar wata Lahadi da la'asar, sun dawo daga coci. A hanya ya ba ni labarinta. Karatu ta zo jami'a a Samaru, tana nan yaƙin ya ɓarke. Bayan wasu watanni wani ɗan uwansu da ya tsere ya aiko mata da wasiƙa cewa babu wanda ya rage a gidansu. Ta ƙarasa karatunta, ta auri yayan abokin nawa, ta kama koyar da Faransanci a wata makaranta. Shekara goma sha biyar ke nan, ba ta taɓa komawa ba.

Ta karɓe mu da zoɓo mai sanyi. Doguwa ce, mai magana a hankali, Hausarta kuwa in ba an faɗa maka ba, ba za ka ce baƙuwa ba ce. Ta ce ko da yake ba ta koma ba, duk Asabar sai ta je shagon intanet ta karanta labarin garinsu. Na zaro biro da takarda kamar ɗan firamare.

"Ƙanena, rubuta," in ji ta. "Katin rigakafin zazzaɓin shawara, ka haɗa shi da fasfo wuri ɗaya. Dalar da za ka canza ka tabbata sabuwa ce, ba sa son tsohuwa. Kada ka sa komai a leda, sun hana ta, a filin jirgi za su karɓe. Ka ɗauki rigar sanyi, garin a kan tuddai yake, da safe ba kamar Zariya ba ne. Acaba suna da shi, amma sai ka sa hular kwano, kuma ku gama ciniki kafin ka hau. Kada ka riƙa cin abu kana tafiya a titi, abin kunya ne a wurinmu. Masallaci da abincin da hankalinka zai kwanta da shi, ka nemi unguwar Nyamirambo. Asabar ta ƙarshen wata kuma ranar aikin gayya ce, babu mota babu shago sai wajen tsakar rana."

Ina ta rubutu ina gyaɗa kai. Sai ta sassauta murya. "Abu na ƙarshe. Ku nan da kun ga mutum sai ku ce, kai wane yare ne? To can kada ka kuskura. Ko da wasa."

Mun tashi za mu tafi, har na sa takalmi, ta ce wa abokina ya ɗan jira ni a waje. Ta shiga ɗaki ta fito da ambulan. A ciki akwai tsohon hoto, wata mata zaune da yarinya ƙarama a cinyarta, da kuma takarda da ta zana hanya da fensir: masallaci, hawa, famfon unguwa, sai gida na uku a hannun hagu.

"Mahaifiyata ce da autarmu," ta ce. "Ba na so ka tambayi kowa komai. Ka je kawai ka duba ko gidan yana nan, ka dawo ka gaya mini."

Na ce, "Anti, duk shekarun nan ba ki sami wanda za ki aika ba?"

"'Yan ƙasarmu kowa da nasa ciwon. Ba zan ɗora wa wani nawa ba. Kai baƙo ne, idonka zai iya kallo."

Na ce mata in sha Allahu, har da dafa ƙirji.

Duk abin da ta faɗa haka na tarar. A filin jirgi aka raba ni da ledar da na ƙunshe kilishi, don na yi taurin kai. Garin ƙarami ne, tsaf-tsaf, mutanensa ba su da hayaniya, har ni da ake ce wa mai shiru-shiru a Samaru na zama mai kwakwazo a cikinsu. Amma ambulan ɗin nan na bar shi a ƙasan akwati. Kullum sai in ce gobe. Yau lacca, gobe ziyarar gona, jibi neman tsaraba. Gaskiyar magana tsoro nake ji, ban san me zan gani ba, ban kuma san me zan dawo in ce mata ba.

Sai da ya rage mini rana ɗaya na farga, kuma ranar ta faɗo daidai Asabar ta ƙarshen wata. Na fito da sassafe na tarar da titi wayam, mutane na share kwata suna sare ciyawa. Jirginmu kuwa da yamma zai tashi. Na zauna a bakin masauki ina jin haushin kaina. Nan wani likitan dabbobi ɗan ƙasar, cikin malaman da suka koyar da mu, ya same ni bayan sun gama aikin gayyar. Na nuna masa zanen. Ya duba shi, sannan ya ce in shiga motarsa.

Masallacin mun same shi, hawan ma haka, amma famfon babu shi, an yi shago a wurin. Muka ajiye mota muna ƙirga gidaje a ƙafa. Gida na uku yana nan, an sake masa fenti da ƙofa, shanyar wasu mutane na kan igiya. Na tsaya ina kallo. Aikena ya ƙare ke nan, da na juya a lokacin da babu wanda zai ce na gaza.

Wata tsohuwa da ke zaune a ƙofar gidan da ke kallonsa ta yi wa likitan magana da yarensu. Ya ce mini, "Tana tambaya wa muke nema." Na tuna gargaɗin da aka yi mini. Amma hannuna ya riga ya shiga aljihu. Na miƙa mata hoton.

Ta kai shi kusa da idonta. Ta fara magana, likitan na fassara mini guntu-guntu. Ta ce matar da ke hoton maƙwabciyarta ce. A ɗakin girkinta ta ɓoye ta da yarinyar har mako uku. Ranar da aka zo bincike, uwar ta fito da kanta don kada a shiga ciki. Ita tsohuwar kuma ta goya yarinyar ta ce jikarta ce.

Na ce, "Yarinyar fa?"

Tsohuwar ta juya ta ƙwala kira. Daga shagon da aka yi a wurin famfon, inda ake sayar da madara, wata budurwa ta fito tana goge hannu da zani. Tsayin, goshin, har yadda take karkata kai, duk na matar da ta ba ni zoɓo a Sabon Gari ne.

Ban ga murnar da na zata ba. Ta kalli hoton, ta saurari likitan, sannan ta yi tambaya ɗaya. Ya fassara mini kansa a ƙasa: "Ta ce, in yayarta na da rai, ina ta shiga duk shekarun nan?" Na gaya mata zancen wasiƙar. Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai rubuta lambar waya a bayan zanen, ta riƙe hoton, ta koma shago.

Washegarin dawowata ni da abokina muka wuce Sabon Gari, ko tsaraba ban kwance ba. Na tarar da Anti tana duba littattafan ɗalibai a tsakar gida. Ta ce, "Yana nan?" Na ce yana nan. Na ce kuma na saɓa mata, na yi tambaya. Na juya takardar na ajiye a gabanta.

Ban iya kwatanta muku abin da ya biyo baya ba. Mijinta ne ya danna mata lambar. Da aka ɗauka ta kira sunan ƙanwarta sau ɗaya. Ni da abokina muka fita muka tsaya a bakin titi, babu mai kallon wani.

Ba a rana ɗaya suka shirya ba. An yi watanni ƙanwar na amsa waya da e da a'a. A hutun ƙarshen shekara Anti ta tafi da kanta, suka je tare inda aka binne mahaifiyarsu da sauran jama'a.

Yanzu in wani zai je ƙasar ya nemi shawarata, nakan ba shi duk abin da na rubuta a takardar nan, in kuma ce kada ya bar abin da ya fi muhimmanci sai ranar ƙarshe. Har yau nakan yi lissafin yadda sa'o'i uku kacal suka raba ni da dawowa in ce mata ban samu lokaci ba. Na san da ta ce babu komai, ƙanena, ta yi mini sannu da hanya. Da kuma na yarda cewa babu komai ɗin.